Rage Ƙiba: Shin Dole Sai Ka Yi Sallama da Tsire da Dege?

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin abin da muka tattauna a shirinmu na kiwon lafiya, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi, da wanda ya ji amma yake son ya riƙe lissafin a hannu. Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da ke zuwa mana daga 'yan Zangon Wagadugu, da 'yan uwa na Nijar da Gana da Togo, kusan iri ɗaya ce: likita ya ce in rage jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon gwiwa, to shin ke nan ni da ƙosai, da tsire, da dege, da shinkafar biki mun rabu har abada?

Amsar a taƙaice ita ce a'a. Mutum yana iya rage ƙiba yana kuma taɓa kayan marmari jefi-jefi, muddin ya san lissafin abin da ke shiga cikinsa a mako. Abin da ke tara wa yawancinmu kitse yana cikin tukunyar kullum da kofin shayin kullum, kuma can ne gyaran ya fi amfani. Bari mu bi maganar daki-daki.

Me ya sa maganar ta shafe mu

A al'adarmu, mai jiki shi ne mai rufin asiri. Amarya in ta yi wata shida ba ta murje ba, sai dangi su fara tambaya ko lafiya. Alhaji in ya ajiye tumbi, a ce kasuwa ta yi albarka. Har akwai masu shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna kumbura mutum da ruwa, suna tada sukarin jini, suna raunana ƙashi. Sai dai jiki bai san wannan yabo ba. Kitsen da ya taru, musamman na ciki, yana da hannu a hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa da baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. A nan Burkina Faso, binciken da ma'aikatar lafiya ta yi a 2013 kan manya masu shekara 25 zuwa 64 ya nuna kusan kashi 18 cikin ɗari suna da hawan jini, kusan kashi 5 cikin ɗari kuma suna da ciwon sukari. Da yawa ba su ma san suna ɗauke da ciwon ba.

Zaman birni ma ya sauya mana hali. Dattawan da suka tashi a tsohuwar unguwar Zango, wadda ake kira Zangwetin, sun san lokacin da mutum zai fito gida ya taka da ƙafa zuwa babbar kasuwar Rood Woko, ya taka zuwa masallaci, ya taka zuwa gaisuwar dangi. Bayan aikin ZACA ya tashi unguwar a 2003, jama'a suka watsu zuwa Waga 2000 da Nioko da sauran bakin gari. Tafiya ta yi nisa, babur ya zama ƙafa. Yau mutum zai hau babur daga ƙofar gida, ya sauka a ƙofar shago, ya wuni zaune a kan benci, ya sake hawa ya koma. Abincin yana nan yadda yake, wataƙila ma mai da sukari sun ƙaru, amma zirga-zirgar da ke ƙona shi ta ragu.

Mun san akwai gidaje da dama a ƙasar nan, musamman na waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, da damuwarsu ita ce samun abin da za a ɗora a wuta. Allah ya kawo musu sauƙi. Wannan bayani na wanda jikinsa ya yi masa nauyi ne, kuma za ka ga a gaba cewa abin da ya rage daga kwanonsa yana da inda zai yi amfani.

Yadda za ka san ko kana cikin lissafin

Hanya ta farko ita ce awon asibiti. A auna nauyinka da kilo, a auna tsawonka da mita, a ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da ya fito. Misali, mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 85, lissafinsa zai ba da 31. Daga 25 zuwa sama nauyi ya fara wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da likitoci ke ɗauka a matsayin matsala.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar sikeli. Samu igiya, ka auna tsawonka da ita daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ka yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa, ko da kuwa hannu da ƙafa sirara ne.

Kada lissafin ya tsorata ka. Ba a ce sai ka koma jikinka na samartaka ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa ya sauko da hawan jini da sukari a jikin mutane da yawa. Ga mai kilo 85, kilo 4 zuwa 8 ke nan. A Amurka an yi wani babban bincike da mutum fiye da 3,000 waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon sukari, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka ɗora kan rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ka ga ashe ɗan ragi ma ba ƙaramin abu ba ne.

Kalori: kuɗin da jiki ke kashewa

Kai ɗan kasuwa ne ko 'yar kasuwa, ko aƙalla a gidan kasuwanci ka tashi, don haka wannan lissafi ba baƙonka ba ne. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ɗauke shi kamar kuɗi. Abin da ka ci shi ne kuɗin shiga. Numfashi, da bugun zuciya, da tafiya, da aiki, su ne kuɗin fita. In shiga ta fi fita, jiki ya kai rarar asusu, kuma asusun jiki shi ne kitse. In fita ta fi shiga, jiki ya koma asusu ya ciro. Matsakaiciyar mace tana kashe wajen kalori 2,000 a rana, namiji wajen 2,500, gwargwadon girman jiki da shekaru da irin aiki. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da wajen kalori 7,700. Wanda ya rage 500 a kowace rana zai iya sauke kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya, daga baya saukar takan yi sanyi saboda jikin da ya ragu ba ya kashe kamar da.

Ga farashin wasu kayan da muka saba da su, a ƙiyasce:

Giram ɗaya na mai, kowane iri ne, kalori 9. Giram ɗaya na sukari ko garin hatsi ko tsokar nama a bushe, kalori 4. Babban cokali ɗaya na man girki, wajen 120. Ƙwayar sukari ɗaya ta cikin kwali, wajen 20. Babban cokali na madarar gwangwani mai zaƙi, wajen 60. Babban cokali na mayones, wajen 100. Gwangwanin lemon kwalba mai santilita 33, wajen 140, da sukari kusan giram 35 a ciki. Dafaffiyar shinkafa giram 100, wajen 130. Burodi giram 100, wajen 270. Soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu, wajen 170. Dafaffen ƙwai ɗaya, wajen 75. Kankana giram 100, wajen 30 kacal. Gwanda giram 100, wajen 40. Mangwaro giram 100, wajen 60.

Ba muna cewa ka riƙa yawo da sikeli da biro ba. Ka dai san wane kaya ne mai tsada a wannan kasuwa, wane ne mai araha. Mai da sukari su ne masu tsada, kuma su ne ba sa cika ciki. Ganye, da wake, da kayan lambu, da 'ya'yan itace su ne masu araha, kuma su ne ke riƙe ciki.

Inda ɓarnar take ɓuya

Yawancin mutane in aka ce su rage jiki, sai hankalinsu ya tafi kan kazar da suka ci a biki ranar Asabar. Amma biki sau nawa ne a wata? Duba abin da ke faruwa kullum.

Fara da tukunya. Gidan mutum takwas, an zuba rabin lita na mai a shinkafa dafa-duka ko a miya. Rabin litar nan kalori ce sama da 4,000, wato kowa ya tashi da wajen 500 daga mai kaɗai, kafin a ƙirga shinkafar. In uwargida ta mai da shi kwata, kowa ya huta da 250 a wannan cin, abincin bai fasa daɗi ba, kuɗin cefane kuma ya ragu. Haka benga, shinkafa da waken da ake saye da safe. Waken kansa abinci ne mai kyau ƙwarai, yana gina jiki, yana daɗewa a ciki. Inda gizo ke saƙa shi ne ludayin man da mai sayarwa ke kwararawa a kai. Ka ce mata, "Inna, ɗan ɗigo ya isa." Cokali biyu da aka fasa zubawa, kalori 240 ke nan.

Sai kiyos ɗin mai shayi. Kofi ɗaya na kafe ko shayi da aka zuba wa cokali uku na madara mai zaƙi da ƙwayar sukari biyu ya haura kalori 200. Ƙara burodi da mayones da soyayyen ƙwai, kafin ƙarfe takwas na safe mutum ya kusa cinye kashi ɗaya cikin uku na kasonsa na yini.

Sai atayi na majalisa, na fari, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa. Kofin ƙarami ne, shi ya sa ba a ganin laifinsa. Amma wanda ke shan ƙwayar sukari goma a yini tsakanin shayin safe da atayin rana da na dare, kalori 200 yake sha, 1,400 a mako, wajen 6,000 a wata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke ci a rana, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato wajen ƙaramin cokali shida. Gwangwanin lemo ɗaya ya riga ya wuce wannan.

Abin sha mai zaƙi yana da wata illa ta daban: ba ya ƙosarwa. Ka sha leda biyu na bisap, wato zoborodo, ko lemon citta, ko zom-kom mai sukari, ka zauna ka ci tuwonka cif kamar ba ka sha komai ba. Zoborodo da citta da gero ba su da laifi, sukarin da aka narka a ciki ne matsalar. A lokacin zafin Maris zuwa Mayu, sa'ad da Wagadugu ke haura digiri 40, mutum kan sha irin waɗannan sau da yawa a yini don ƙishi. Maganin ƙishi ruwa ne. Sauran na marmari ne.

Me ya sa haramta wa kai komai ba ya ɗorewa

To, tun da mai da sukari ne masu laifi, me zai hana a yanke su gaba ɗaya a huta? Saboda ɗan Adam ba ƙarfe ba ne. Kusan kowa ya san wani da ya rantse ya bar soye-soye da zaƙi, ya yi mako biyu yana shan ruwan zafi da lemon tsami, fuska a murtuke. Ranar da aka yi suna a maƙwabta ya ɗanɗana waina ɗaya, sai ya ce ai tun da an karya, bari a karya da hujja. Ya ci ta goma, ya bi da lemo, gobe ya ji kunyar kansa ya watsar da shirin baki ɗaya.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan tun 1975 a Amurka. Masu bincike biyu, Herman da Mack, sun ba wasu ɗalibai mata madara mai kauri da zaƙi su sha, wasu kuma ba a ba su ba, sannan aka ajiye wa kowa askirim aka ce ta ɗanɗana yadda take so. Waɗanda ba sa takura wa kansu a cin abinci, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, don ciki ya riga ya ɗauka. Masu takura wa kansu kuwa, da suka sha madarar sai suka ci askirim fiye da 'yan uwansu da ba su sha ba. Tunanin cewa an riga an karya doka shi ya buɗe ƙofa. Bincike na baya-bayan nan ma ya nuna masu sassauci da tsari sun fi masu tsananin doka riƙe nauyinsu.

Akwai kuma labarin Mark Haub, malamin ilimin abinci a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. A 2010 ya yi mako goma yawancin abincinsa kek ne da biskit da makamantansu na kanti, amma ya tsaya a kalori 1,800 a rana. Ya sauke wajen kilo 12. Kada wani ya ce rediyo ta ce a koma cin biskit. Mutum ɗaya ne, na ɗan lokaci, kuma yana haɗawa da ƙwayar bitamin da ɗan kayan lambu. Jikin da aka ciyar da zaƙi zalla zai rasa abubuwan gina shi da kare shi. Darasin da ke ciki ɗaya ne: a maganar nauyi, jimillar lissafi ce ke hukunci. Ƙosai uku ba su isa su rushe aikin mako guda ba.

Yadda ake ware wa marmari kasonsa

Ɗan kasuwa mai hankali yakan ware kuɗin biki da na zumunci tun kafin su taso, shi ya sa ba sa taɓa masa jari. Haka za ka yi. Ka riƙa lissafi da mako, ka bar lissafi da yini.

Ga misali. Kwana shida ka rage kalori 500 kowace rana ta hanyar rage mai, da raba sukarin shayi biyu, da mai da lemo ruwa, da rage malmalar tuwo ko tudun shinkafa kaɗan. Ka tara 3,000. Rana ta bakwai akwai ɗaurin aure, ka ci shinkafa da kaza, ka sha dege, ka haura kasonka da 500. Saura 2,500 a hannunka, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na kilo. A wata uku ka doshi kilo huɗu, ba ka ƙaurace wa kowa ba. Amma in ranar ta bakwai ka mai da ita ranar ramuwa tun daga safe har dare, ka haura da 3,000, to ka cinye riba da uwar kuɗi. Marmari cin abinci ɗaya ne, ba yini guda ba.

Ga wasu dabaru da ke taimakawa:

Zaɓi abin da ranka yake so da gaske. In tsire ne, to tsire. Kada ka ɓata kasonka a kan biskit ɗin da aka miƙo maka don kawai yana kusa.

Sa masa rana da adadi tun kafin ka gan shi. Tsinke uku na tsire daren Juma'a. Ƙaramin kofi na dege, wanda 'yan uwanmu na Gana ke kira burkina, ranar Lahadi. Ƙosai uku da koko sau biyu a mako, a maimakon bakwai kullum.

Sayi kaɗan, ka ci a zaune, a hankali. Abin da aka sayo da yawa aka ajiye a ɗaki, sai ya ƙare hankali ke kwanciya.

Kada ka je biki da yunwa. Wanda ya ƙi karyawa don ya tara wa shinkafar biki wuri, shi ne ke cin kwano biyu. Ci ɗan wake ko ƙwai ko gwanda kafin ka fita.

A wurin biki zaɓi ɗaya: ko lemo, ko soyayyen abu, ko ƙarin shinkafa. Gasasshe ya fi soyayye sauƙi. Kazar gida da aka gasa, in ka cire fatar, nama ne mai kyau. Kilishi da tsire ma nama ne, sai dai ƙuli da mai da gishirin da ke jikinsu ne ke sa a yi musu iyaka.

In ka zarce, ka zarce. Kada ka yi wa kanka horon yunwa washegari, kada kuma ka ce shiri ya lalace. Koma kan tsarinka a ci na gaba, shi ke nan.

Kunya da zumunci

Mun san inda takalmin ke matsa wa ɗan Zango. A wurinmu ƙin cin abincin mutum kamar ƙin mutumin ne. Ka je gaida gwaggo ta kawo fura da nono da sukari, ka je gidan suruki an sauke maka tire. Ba a ce ka ƙi ba. Sa hannu, ka yi bismilla, ka ci kaɗan, ka yaba. Sannan ka ce, "Gwaggo, wallahi ya yi daɗi, a ƙulla mini sauran in kai wa yara." Ko ka faɗi gaskiya: "Hajiya, likita ya sa mini doka kan sukari, a ba ni furar ba sukari." Babu uwar da za ta so ɗanta ya kwanta asibiti saboda kara.

In a tire ɗaya ake ci, ka rage loma, ka yawaita miya da ganye, ka tauna a hankali. Ƙoshi yakan ɗauki wajen minti ashirin kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai sauri ke wuce iyaka bai sani ba. Malamanmu ma sun sha karantar da mu ladabin raba ciki uku, kaso na abinci, kaso na ruwa, kaso na numfashi. Abin da ka rage kuwa, ga almajiri, ga maƙwabci, ga baƙon da gudun hijira ya kawo unguwa.

Uwargida, ke ce mai riƙe da ludayi, don haka rabin maganin gidan yana hannunki. Auna mai da cokali, ki bar tuttulawa daga jarka. Yawaita kuka, kuɓewa, zogale, alayyafo, kabeji, yalo. Lambunan Boulmiougou da na Loumbila da na bakin madatsun ruwan birni suna kawo kayan lambu, lokacin sanyi har da araha. Rage dunƙulen ɗanɗano da gishiri, ki ƙara daddawa, wadda a nan ake kira sumbala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Maigida kuma, in an rage mai kada ka ce an raina ka. Taimakonka ake yi.

Azumi da salla

Mutane da yawa sukan sa rai watan Ramadan zai rage musu jiki, sai a wayi gari bayan salla nauyin yana nan ko ya ƙaru. Dalilin yana kan tabarmar buɗa-baki: ƙosai, fanke, soyayyar doya, aloko, zom-kom da bisap masu sukari, duk a zama ɗaya, kullum har kwana talatin. A nan marmari ya zama abincin yau da gobe. Buɗe baki da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, ka sha kunu mai ɗan sukari, ka tashi ka yi salla, sannan ka dawo ka ci abinci sosai. Soye-soye a mai da su sau biyu a mako. Ranar salla kuwa ka ci naman layyarka da farin ciki. Soyayyen naman da ake ajiyewa a riƙa tsinta har mako uku, shi ne abin lura.

Motsa jiki

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙaranci. Amma ka san lissafinsa: tafiyar rabin awa da sauri tana ƙona wajen kalori 120 zuwa 150, wato gwangwanin lemo ɗaya. Saboda haka kada ka yi tafiya ka saka wa kanka da kwalba biyu. Amfanin motsi ya wuce ƙona kalori: yana sauko da hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana hana nauyin da aka sauke dawowa.

Manya sun tuna zamanin Thomas Sankara, lokacin da ake fitar da ma'aikata wasannin motsa jiki na gama-gari. Yau ba sai an fitar da kai ba. Taka zuwa masallaci. Ajiye babur nesa kaɗan da shago. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, zagaya unguwa, ko ka shiga dajin Bangr-Weoogo in kana kusa. Mata su haɗu biyu ko uku su taka tare, ya fi daɗi, ya fi ɗorewa. Barci ma yana cikin lissafi: wanda ke raba dare a majalisar atayi yakan tashi da yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Waɗanda za su fara ganin likita

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, kada ya rage abinci da kansa, don sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ya sume. Shi maganar marmari ma sai da shawarar likitansa. Mai juna biyu da mai shayarwa ba lokacin rage jiki ba ne sai in likita ya ce. Yara ba a sa musu dokar yunwa, a dai rage musu lemo da alewa, a bar su su yi wasa. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ko gyambon ciki, shi ma ya nemi shawara. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage komai ba, ga yawan ƙishi da fitsari, ko tari da ya daɗe, wannan ba abin murna ba ne, ya je a duba shi. Fara da CSPS na unguwarku, a auna jini da sukari. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka gaba, har zuwa babban asibitin Yalgado Ouédraogo in ta kama.

A yi hattara da shayin rage tumbi da ƙwayoyin da ake tallatawa a kasuwa da WhatsApp da Facebook. Da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa. Sikeli zai nuna ragi, amma ruwa ne ya fita, kitsen yana nan, ƙoda kuma ta sha wahala.

Abin da za ka fara gobe

Kada ka ɗauki komai a lokaci guda. Makon farko, raba sukarin shayinka biyu, ka mai da lemon kullum ruwa. Mako na biyu, a fara auna mai da cokali. Mako na uku, ƙara tafiyar rabin awa. Tun yau kuma ka zaɓi marmarinka, ka sa masa rana. Hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, ka sake gwada igiyar nan bayan wata. In wani mako bai motsa ba, kada ka karaya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku kamar yadda kuka saba, za mu amsa su a shirye-shirye masu zuwa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa albarka a abin da muke ci. Mu kwana nan.